Inda Kujeru Suka Tashi

Shekara ashirin da biyu simintin nan
bai sha komai ba sai shayin da ya zube.
Nan Laminu ke baje kolin hira
da abokansa na gidan waya,
karta na faɗuwa, gardama na tashi,
har ladanin Birni ya raba su.

Da ya riga mu, kujeru suka bi shi ɗaya-ɗaya.
Ƙadangaru suka gaji wurin.

Na kira Tanimun magini ya fasa.
Diga uku ya buga, ya yi dariya:
"Hajiya, ƙarƙashi dutse ne,
Damagaram ce fa."
To, ƙasar da ta ƙi a shige ta, a hau kanta.
Muka jera bulo hawa uku,
amalanke huɗu na ƙasar Mirriya,
takin awakin Habsu, tokar murhuna.

Famfo kuwa sai ya ga dama.
Tsakar dare yake tari kamar tsoho,
in tashi in tara masa bokiti.
Ruwan alwala ba ya zuba banza,
na wankin shinkafa rabon yakuwa ne.

Yanzu salati ya zauna gurbin Laminu,
kunnuwa a buɗe.
Barkono ya kama wajen Malam Caibu,
dama halinsu ɗaya.

Akwai zoben tsatsa da murhun shayi ya bari
a kusurwar da ban rufe ba.
Jikata ta ce, "Kaka, ga wuri ya rage."
Na ce albasa ta jira baɗi.