Haruffa Tara

Ni mai sassaƙa dutse ne a bakin teku,
a wani ƙauyen masunta can arewacin Ingila.
Shekara arba'in da ɗaya ina rubuta sunayen matattu,
da harafi ake ƙirga ladan aikina,
ban taɓa yi wa kowa ragi ba.

Ran wata Talata, rufi yana yoyo,
Enid Storr ta shigo da karyayyar laima,
ta ajiye 'yar takarda a kan bencina,
ta danne ta da gudumata,
don iska ba ta san makoki ba.

Kalma ɗaya ce, da fensir: nevermore.
Na bi ta da yatsa, haruffa tara.
Na ce, "Enid, wannan ai ta mawaƙa ce.
Wa kika taɓa ji ya faɗe ta a kanti,
ko a layin jiran bas?
Tsohuwa ce mai doguwar riga,
a littafi take kwana, ba ta zuwa kasuwa.
Yanke wutsiyar, biyar na farko sun isa.
Ma'anar ɗaya ce, kuɗin ne ba ɗaya ba."

Ta zauna a kan dutsen wani da ke jiran suna,
ta ce, "Cuthbert, biyar ɗin nan na sha faɗa wa Wilf.
Na faɗa ran da ya taka min darduma da takalman ruwa,
na faɗa ran da ya so sayar da agogon babana.
Gajeriyar kalma ce, ta faɗa da rantsuwa,
gari ya waye a sha shayi a manta.
Ba ita na zo nema ba.

"Dubi huɗun ƙarshe, ka san abin da suke cewa.
Ƙari. Abin da jikata ke faɗa tana buga cokali.
Kan kalmar ya rufe ƙofa ya sa sakata,
wutsiyarta tana waje tana ƙwanƙwasawa.
Shi ya sa mawaƙa ke ajiye ta a ƙarshen layi,
inda numfashi ya ƙare, baki ya rage a buɗe,
kamar mai shirin ƙara magana
da bai sami abin faɗa ba.

"Shekara talatin ina koyar da ita a aji,
ina ce wa yara, ma'anarta ba za a sake ba har abada.
Su rubuta, in ba su maki.
Sai da teku ta dawo da jirgin Wilf babu Wilf
na gane ban taɓa karanta ta ba."

Na ɗauki kurfi, na wasa shi.
Biyar na farko suka shiga kamar dutsen yana jiransu.
A na shida, inda ƙarin ya fara,
hannuna ya tsaya.
Na leƙa kicin ta taga.
Kofin Olwen yana nan rataye a ƙusarsa,
damina bakwai ina wanke shi duk Lahadi,
alhali kowa bai sha komai a ciki ba.

Kwana uku huɗun nan suka cinye mini.

Muka kafa dutsen a tudu, yana kallon ruwa,
a kan kabarin da babu kowa a cikinsa.
Enid ta karanta a hankali, gaɓa uku,
ta ja ta ƙarshen har iska ta karɓe ta.
Sannan ta buɗe jaka, ta ƙirga kuɗin tara.
Na ware na huɗu na tura mata.
Ta turo mini su.
Na sake turawa.

Suna nan cikin gwangwanin shayi a kan kanta,
kusa da littafin rasit.
Ita ba ta dawo ta karɓa ba,
ni kuma ban kashe ba.