Littafin Giwar Ruwa

Giwar Ruwa, jirgin fiton Mashigar Kirya,
ni Ilu, ni ne akawunta,
shekara ashirin da uku ina yagar tikiti.
Ga littafin, gara ta ci bangonsa.
In na ƙara gishiri, biro zai ƙaryata ni.

Shafin farko: gida uku ta zo
a bayan tirela, tun daga Lakwaja.
Masu walda suka kwana goma sha biyu a gaɓa
suna ɗinke ta da wuta kamar fasasshiyar ƙwarya.
Akwai wani sunan boko a ƙirjinta
da ya ƙi zama a bakin kowa.
Wani masunci ya ce Giwar Ruwa, ya bi ta.

Mota biyu take ɗauka, uku in ƙanana ne,
mutum sittin bisa doka.
Ran kasuwa doka kan tsaya a gaɓa
ta jira sahu na biyu.

Na rubuta: a-kori-kura da buhunan tattasai,
babura tara, raƙumin da ya ƙi hawa
sai da aka rufe masa ido da rawani.
Na rubuta: makara ɗaya, ban karɓi ko sisi ba.
Na rubuta: Kyauta matar Barau ta sauka a tsakiyar ruwa.
Mun tashi da hamsin da takwas,
mun sauke hamsin da tara.

Shekara ta bakwai inji ya yi tari ya mutu.
Aka ce kayan gyara na tafe daga Ikko.
Har yau suna tafe.
Jatau makanike ya ciro zuciyar tsohuwar tarakta
ya dasa mata,
ta riƙa keta kogi da muryar gona.

Shafin ambaliya ba shi da adadi.
Kwana uku inji bai huta ba:
mutanen Tudun Gamji, awaki, buhunan iri,
keken ɗinki, wata tsohuwa rungume da turminta.
Wa ke ƙirga?
Ruwa ya lashe tawadar, na bar shafin haka.

Aka are ta can gabas damina biyu.
Ta dawo da sabon fenti kore
da sunan wani mai neman kujera a haƙarƙarinta.
Ya sha ƙasa, fentin ma ya bi shi.

Sai kacala ta soma cin hanya.
Ruwan da muke ƙetarewa kafin shayi ya huce
ya koma sai da gora, sai da lauje.
Farfela ta karye sau huɗu.
Ɗanbala matuƙi ya tofar da goro ya ce,
ba tsufanta ba ne, kogin ne ya tsuke.

Sannan gada.
Ban ƙi gada ba, kada a ce na ce,
motar asibiti ba ta jiran kowa yanzu.
Amma ran da aka buɗe ta
sahu ɗaya muka yi, mutum biyu da keke,
su ma kunyar ido ce ta hau da su.

Ga ta can kan yashi, bayan fadamar albasa.
Mata na shanyar kuɓewa inda motoci ke tsayawa,
ƙadangare ya gaji kujerar Ɗanbala.
Masu sayen ƙarfe sun zo da sikeli sau biyu,
mai unguwa ya ce sai bayan kaka,
bai dai ce wace kaka ba.

Jiya wani saurayi ya kafe babur ya hau,
ya daɗe yana duban tsatsa.
Ya ce, Baba, ta ina ne daidai?
Na nuna masa gindin sarƙa, kusa da inji.
Ɗan Kyauta ne, Maijirgi ake ce masa.
Ya miƙo kuɗi, wai tikitin da ya hau bai yanka ba.

Na yi kamar in ƙi.
Sai na laluba shafin ƙarshe,
na hura wa biro numfashi,
na rubuta: fasinja ɗaya, ya biya.