Ƙafa ta Huɗu

Kwana tara da sayenka a Iquitos,
ko ledar kujera ban yage ba,
ga ka ka yi tsit a hawan Belén
kamar an cusa maka tsumma a baki.

Doña Hermelinda na baya da kwandon kifi,
ƙanƙara na narkewa ɗis, ɗis.
Ba ta ce uffan ba. Agogo take kallo.

Na buga kiki. Ka yi tari sau biyu,
ka haɗiye sauran maganar.

Eusebio bakanike ya ce fulogi ne,
muka canza. Ya ce kafireto,
muka wanke. Jiya ya sunsuni tanki,
ya ce man da ruwa a ciki,
ya ɗaga kafaɗa: a garin da kogi ya kewaye,
me ba ya shan ruwa?

Banki kam injinsa ba ya mutuwa.
Ran Litinin bugu ɗaya zai tashi.

Hadari ya haɗo daga Itaya.
Na sauka, na dafa ƙarfenka mai ɗumi.
Don ka ɗauke ni na ci bashi,
yau ni ne ƙafarka ta huɗu.

Hermelinda ta sauko, ta tattare siket,
ta sa kafaɗa.