Gorar Kakana

Kakana Barma bai taɓa ɗaura agogo ba.
Gongola ce ke faɗa masa lokaci.
In ta cika har ta lashi saiwar ɓauren mashigi,
Nafada ta yi kaka ke nan, ko gero bai nuna ba.
Jirage su hauro da gishiri da akoko da kananzir,
su gangara da kirgi da ƙaro,
shi kuwa yana tsakani da kwalekwale da gora,
kafaɗa duk kanta, bakinsa ja da goro.

In ruwa ya janye, ciniki ya bi shi.
Wata takwas sai yashi da sawun shanu
da bashin da ake ɗagawa zuwa wata cikar.

Ran nan aka ce an shimfiɗo wani kogi ta Bauchi,
na ƙarfe, ya iso Gombe,
ba ya jiran damina, ba ya ƙafewa da rani.
Kaka ya yi dariya har da tari:
"Kogin da babu ko tarwaɗa?"

Babana Tukur bai yi dariya ba.
Ya naɗe tabarma, ya rataya buta,
ya hau bayan motar auduga da asuba.
Shekara uku yana dako a tasha,
buhun gyaɗa ya cinye masa gashin ƙeya,
kafin a ba shi sikeli da fensir a bayan kunne.

Shi ya ba ni labarin yadda garin ya kumbura
kamar ƙullun da aka bari a rana.
Batangale ya zo da dawa, Bateri da wake,
Babarbare da kanwa da banda,
Bayarabiya ta sauko daga tarago da huhun goro a ka
ta ce kwana biyu za ta yi.
Jikokinta ne maƙwabtanmu a Bolari.
Goggo Dudu, da tanda ɗaya a gindin dalbejiya,
ta soya masa har ta zama ɗaki uku da zaure,
domin jirgi in ya yi latti
yunwar fasinja ribarta ce.

Sau ɗaya Kaka ya zo.
Ya ƙi barin gorarsa a gida, wai ƙafa ce ta uku.
Ya tsaya tsakanin layukan nan biyu,
ya caka ta cikin tsakuwa kamar mai auna mashigi,
ya saurara.
Can ƙasa ta fara rawa, jirgi ya yi kuka daga yamma.
Babana ya fizgo shi gefe.
Ya ƙirga tarago da leɓe har ashirin da ɗaya,
sannan ya ce, "Ba zurfi. Amma yana da ja."
Da zai koma ya manta gorar.
Ko kuwa bai manta ba.

Yanzu awaki ke kwana a inda babana ya yi awo.
Mata na shanya kuɓewa a dandamalin tasha,
tumfafiya ta tsiro tsakanin katakon layi.
Garin bai tsaya ba;
wanda ya koyi kasuwa ba ya mance hanyarta.
Ni ina Tudun Hatsi, ina loda tirela,
gorar ce ke tallafe da kusurwar rumfata,
gara ta gwada ta, ta haƙura.

Jiya 'yata Asabe, tana zaune a kan buhu,
ta sayar da wake mota guda da ɗan yatsa,
ga mutumin da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.
Na ce, wannan kuma ta ina ya bi?
Ta miƙo min wayar.
Na juya ta, na ɗan ƙwanƙwasa bayanta,
ban ga inda zan caka gora ba.