Layi na Goma Sha Ɗaya

Ni ne mai lissafi a ofishin magajin gari.
Bana aka ce a horas da matasa ashirin
su iya renon itace cikin Maradi,
aka miƙo min kasafi mai layi goma:
ledar reno, wayar shinge, baro, man fetur,
na'urar da ke gaya wa sama inda rami yake,
kuɗin zama, kuɗin shayi,
ladan Mushe Laminu, injiniya daga Yamai,
sauran biyun allo ne da fenti.

Babu layin Tsahara.

Tsahara ta sayar da icce shekara talatin a Bagalam,
ta riga kowa sanin abin da gatari ya ci.
Bara, uku ga Agusta, mun dasa dubu ana kiɗa,
awakin Mokoyo suka gama da su kafin a yanke gero.
Tana zaune bakin hanya tana kallo,
ba ta ce komai ba, don ba a tambaye ta ba.

Ran Talata yaran suka fita da igiyar awo,
ta bi su da sanda, ba gayya.
Bayan katangar lakwal ta tsaya, ta tona da dunduniya:
"Kun taka gawo sau uku kuna neman wurin dasa bedi.
Wannan kututture bai mutu ba, fushi yake.
Saiwarsa ta kai ruwa tun ban yi haƙori ba.
Ku bar masa reshe biyu, ku sassabe sauran,
ku jiƙa kashin akuya ku yayyafa wa tohon,
akuya ba ta cin abin da ke warin bayanta."

Laminu ya cire tabarau, ya durƙusa,
ya daɗe yana shafa tohon da yatsa.
Sannan ya buɗe taswira a gwiwa:
"Inna, nan ƙasa bututun famfo ya ratsa,
can sama wayar lantarki.
Tsamiyar da kike so a kwanar nan
shekara goma za ta fasa kwalbati."
Ta leƙa takardar a juye, ta yi tsaki,
ta ce, "To a matsa da ita taki bakwai."

Daren nan na rasa inda zan sa ta.
Na rubuta sunanta ƙarƙashin kayan aiki,
tsakanin baro da shebur.
Na tashi na yi alwala, kunya ta biyo ni har buta.
Na dawo na soke,
na ja layi na goma sha ɗaya da hannuna:
Malama Tsahara, jaka arba'in a wata.

Masu kuɗin suka amsa cikin ladabi:
a aiko da lambar takardar shaidarta.
Na ɗauki hoton kiryar da ke bakin Gulbi,
wadda ta hana a sara shekarar da hatsi ya yi wuya,
da masu faci shida da mai kunu a inuwarta,
na lanƙaya, na buga hatimi.

Wata biyu ke nan, shiru.

Amma matan kasuwa da rana ta ƙona wa tumatir
sun buɗe adashi, dala ashirin ashirin,
Rakiya mai ƙuli ke riƙe da gwangwanin.
Ba ya kai jaka arba'in. Yana kai goro da kabu-kabu.
Yaran suna rubuta maganarta a bayan littafi,
gaban littafin na Laminu ne,
wata yarinya, Nafisa, ta kusa haɗe su a tsakiya.

Jiya na bi ta bayan lakwal da babur.
Gawon ya kai ƙugu,
akuya ta sunsuna, ta yi atishawa, ta wuce.
Layin yana nan cikin aljihun teburina,
ban goge ba.