Kunnen Ujarneq

A Uummannaq ƙanƙara takan yi magana kafin ta karye.
Mahaifina ya koya mini jin ta:
ɗan nishi tukuna, sai ƙara kamar an taka busasshen ƙashi,
sai ka ja karnuka baya.
Na so in miƙa wa ɗana wannan gado.
Na ce, "Ujarneq, ka ji?"
Bakina ya duba, bai dubi ƙanƙara ba.

Shekararsa shida.
Matashin kansa kullum da tabo a gefen hagu,
rawaya, mai ƙarni.
Kwalba bakwai ya sha ta maganin nan mai zaƙi.
Ta huɗu ban bari ya ƙarasa ba:
zazzaɓi ya sauka ran Laraba, ya ci kifi, ya yi tsalle,
na kai ragowar wa Pipaluk 'yar maƙwabta
da ke kwana tana kuka riƙe da kunne.
Alheri na ɗauka na yi.

Likita takan zo daga Nuuk sau biyu a shekara
in iska ta bar jirgi ya sauka.
Ta leƙa da 'yar fitilarta, ta daɗe tana leƙe.
Ta ce, "Kana kife kwalekwalenka ka kankare gindinsa?"
Na ce duk shekara.
Ta ce, "Yauƙin nan da ke manne da shi,
wanda teku ke duka dare da rana bai fita ba,
irinsa ne a bayan dodon kunnen yaron nan.
Ƙwayoyin cutar ba a warwatse suke ba.
Gari suka kafa, suka yi masa ganuwa da majinar jikinsu.
Magani ya zo, ya kashe na bakin ƙofa,
na can ƙurya suka yi lamo kamar matattu.
Da ka janye kwalba suka farka,
suka raɗa wa juna sirrin abin da bai kashe su ba."

Ashe su ma sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malaminsu ya rubuto cewa yaron na da kunnen ƙashi,
a kira shi sau uku bai waiwayo ba.
Ni ma na taɓa daka masa tsawa a kan haka.
Wannan tsawar ce ke hana ni barci,
da ita da rabin kwalbar nan.

Yanzu safe da yamma uwarsa, Naasunnguaq,
tana murɗa takarda ta tsane mugunyar,
ta ɗiga magani, ta ja layi a jikin kalanda.
Ba ma tsallake rana ko da ya ce ya warke.
An sa sunansa cikin masu jiran faci a dodon kunne,
layin da tsawo, ba a faɗi wata ba.

Jiya na fita da shi bakin gaɓa.
Na cire masa safar hannu,
na ɗora tafinsa a kan ƙanƙara, nawa a kan nasa.
Muka jira.
Can ƙasa wani abu ya motsa.
Ya ɗago da sauri, ido waje.

An ce jiki ya fi kunne ji.
Da can gargaɗi nake ɗaukar maganar.
Muka ja karnuka baya.