Marar Madubi

A wani kanti a Glasgow, ruwa na tsuga a waje,
na dire tsohuwar kyamarata, tebur ya yi ƙara.
Shekara goma sha tara tana lilo a wuyana
kamar turmin da aka ɗaura wa igiya.
Likita ya ce: ko ita, ko kafaɗarka.

Morag mai kanti ta miƙo wata 'yar mitsitsiya.
"Wannan babu madubi a cikinta."
Na yi dariya. Ai ni ma na sallami madubi
tun da furfura ta ci gemuna da yaƙi.

Na jinjina ta, ko burodi ya fi ta nauyi.
Zuciya ta ce, wannan za ta ɗauki dutse?
Sai na kanga ido:
ɗigon ruwa ne a jikin taga,
kowanne da motar bas a cikinsa, a kife.
Gani ya kori ji.

Saura idanunta.
Ga dogo kamar taɓarya, mai jawo nesa kusa.
Ga mai faɗi, zai haɗiye tsaunin Glencoe har da gajimare.
Ga wani gajere, ba ya zuƙowa,
in kana son kusa, ƙafarka ce za ta kai ka.

Na ƙirga fam, na ƙirga gwiwoyina.
Gajeren da mai faɗin suka biyo ni.
Tsuntsun da ya ƙi matsowa
ya tafi da sirrinsa.

Gobe jirgin Mallaig.
Jaka ta yi fili: batir biyu, dabino, safa,
har darduma ta samu wurin miƙe ƙafa.